Sau Biyar Yana Hawa, Sau Biyar Yana Sauka: Billy Martin da Kujerar Yankees

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya taɓa sa hular nan mai harafin N da Y a sarƙe da juna? Na san da yawa. Ni kaina na yi shekaru ina yawo da ita tun ina sakandare, a zatona tambarin birnin New York ne kawai. Sai da na shiga jami'a wani abokina ya yi mini dariya, ya ce ai hular ƙungiyar wasa ce nake ɗorawa a kai ban sani ba. Sunan ƙungiyar New York Yankees, wasan da take yi kuma besbol, wanda Amurkawa ke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa. Kunya ce ta sa na fara bincike, binciken kuma ya kai ni ga labarin da zan ba ku yau. Labari ne na jita-jita, da magoya baya, da tambayar nan da duk mai son wata ƙungiya ya sani: to yanzu wa za a kawo mana?

Kafin mu shiga, ga abin da kuke buƙata game da wasan. Mutum ɗaya yana jefo ƙwallo, wani yana riƙe da sanda yana ƙoƙarin maka ta. In ya maka ta sai ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu, in ya dawo inda ya tashi an ci ɗaya. In kuwa ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, to wannan shi ne babban bugu. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum ke nan daga farkon bazara har Satumba. A ƙarshe zakarun rukunoni biyu suna haɗuwa a gasar da ake kira World Series, wanda ya riga cin wasa huɗu shi ne ya ɗauki kofi. Wanda muke ce wa koci su manaja suke kiransa, kuma yana sa rigar wasa mai lamba irin ta 'yan wasansa. Shi ke tsara jerin masu bugu, shi ke cewa a cire mai jifa a sa wani. Saye da sayar da 'yan wasa kuwa aikin janar manaja ne da mai ƙungiya. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

A watan Janairun 1973 wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen ruwa daga Cleveland, George Steinbrenner, ya jagoranci sayen Yankees daga hannun kamfanin talabijin na CBS a kan kusan dala miliyan 10. Lokacin ƙungiyar ta lalace, rabonta da kofi tun 1962. Da aka tambaye shi, sai ya ce shi ba zai sa hannu a harkokin yau da kullum ba, zai ci gaba da ƙera jiragensa. Wallahi duk sanda na tuna wannan maganar sai na yi dariya, domin a kakar wasa 23 na farko da ya yi, sau 20 yana canja manaja. Waɗanda suka ga zamanin Abramovich a Chelsea sun ɗan ɗanɗana irin wannan, amma na Steinbrenner ya fi.

Sai mutum na biyu, Billy Martin. An haife shi a 1928 a Berkeley ta jihar Kalifoniya, ya tashi cikin talauci da dambe a unguwa. Siriri ne, ba shi da wani girman jiki, amma akwai zuciya. Ya buga wa Yankees daga 1950 zuwa 1957 ƙarƙashin Casey Stengel, wanda ya ɗauke shi tamkar ɗa. A World Series na 1953 ya yi bugu 12 masu kyau, ya zama gwarzon gari. A 1957 aka yi rigima a wani gidan rawa mai suna Copacabana, inda 'yan wasan suka je bikin ranar haihuwarsa, sai hukumar ƙungiya ta ɗora masa laifi ta sayar da shi ga Kansas City. Wannan ciwon bai taɓa warkewa ba. Duk inda ya je daga baya, zuciyarsa tana New York.

Da ya zama manaja sai ya fito da hali biyu a tare. Ya karɓi Minnesota a 1969 ya kai su saman rukuni, a shekarar kuma ya naushi ɗan wasansa, aka sallame shi. Ya je Detroit ya gyara ta, aka sallame shi. Ya je Texas ya ɗaga ta daga ƙasa, aka sallame shi. Gwani ne na gaske wajen karanta wasa, amma ga shan giya, ga faɗa, ga rashin jituwa da na sama da shi. A watan Agustan 1975 Steinbrenner ya kawo shi Yankees. Magoya baya suka ce ɗan gida ya dawo gida. A 1976 ya kai su World Series karon farko tun 1964, ko da yake Cincinnati ta lallasa su huɗu ba ko ɗaya.

Daga nan Steinbrenner ya sayo Reggie Jackson, babban mai bugu, a kan kusan dala miliyan 3 na shekara biyar. Martin bai so ba. Yanzu sarki uku ke nan a gida ɗaya, kowa yana jin kansa. Ranar 18 ga Yunin 1977, a filin Boston, Martin ya cire Jackson ana tsakiyar wasa don yana ganin ya yi kasala, saura kaɗan su dambace a benci, talabijin na nuna wa duk ƙasa. Tun daga ranar jaridun New York suka samu abinci. New York Post da Daily News suna gasar wanda zai fi wani zafin kanu a shafin baya, kuma sananne ne cewa Steinbrenner da kansa yakan kira 'yan jarida ya tsegunta musu magana ya ce kada a ambaci sunansa. Kun ga ke nan mai gidan ne ke hura wutar jita-jitar da ke cin gidan. Duk da haka suka ci kofin 1977, inda Jackson ya tsallakar da ƙwallo katanga sau uku a wasa na shida da Los Angeles Dodgers. Wannan shi ne kofi ɗaya tilo da Billy Martin ya ci a matsayin manaja duk rayuwarsa.

To yanzu mun iso wurin da na fi so ku saurara da kyau, watan Yulin 1978. Yankees suna bayan Boston Red Sox da tazarar wasa 14. Kullum jarida na cewa yau za a kori Billy, gobe za a kori Billy. A wani wasa Martin ya umarci Jackson ya maka ƙwallo da ƙarfi, shi kuma ya dage sai dai ya ɗan tare ta da sanda, aka dakatar da shi kwana biyar. Ranar da ya dawo, a filin jirgin saman Chicago, Martin ya gaya wa 'yan jarida cewa mutanen biyu sun dace da juna, ɗaya da ƙarya aka haife shi, ɗayan kuma kotu ta riga ta same shi da laifi. Na farkon Jackson yake nufi. Na biyun kuwa mai gidansa, domin a 1974 Steinbrenner ya amsa laifin ba da kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ga yaƙin neman zaɓen Shugaba Nixon. Washegari, 24 ga Yuli, Martin ya tsaya gaban kyamara a Kansas City yana kuka ya ce ya ajiye aiki. Kowa ya san da bai ajiye ba da an ajiye masa.

Aka kawo Bob Lemon, dattijo mai sanyin hali wanda Chicago White Sox ta sallama 'yan makonni kafin nan. Magoya baya suka fusata, fushin kuma a kan Steinbrenner da Jackson ya sauka. Me mai gida zai yi? Kwana biyar kacal bayan hawayen, ranar 29 ga Yuli, ana bikin tsofaffin 'yan wasa a filin Yankee Stadium, sai mai sanarwa ya ce Lemon zai koma ofis a 1980, kuma wanda zai karɓi kujerar manaja a lokacin shi ne mai lamba 1, Billy Martin. Sai ga Billy ya rugo cikin fili da rigarsa yana ɗaga hula. Fili ya ɗauka, mutane a tsaye suna tafi da ihu na mintuna da yawa.

Ku tsaya ku yi tunanin Lemon a wannan ranar. Bai yi mako guda a kan aiki ba, an riga an sanar da magajinsa a gaban dubban mutane, kuma suna murna. Amma bai ce komai ba. Ya bar yaran suka yi wasansu ba tsawa ba barazana. A wasa 68 da ya jagoranta suka ci 48, suka kamo Boston, aka yi wasan raba gardama ranar 2 ga Oktoba a gidan Boston ɗin, inda Bucky Dent, wanda ba a san shi da babban bugu ba, ya tsallakar da ƙwallo katanga. Suka ci 5 da 4, suka wuce suka sake doke Dodgers suka ɗauki kofi. Mutumin da fili bai yi wa tafi ba shi ne ya kawo kofin.

Jim kaɗan bayan nan ɗan Lemon ya rasu a hatsarin mota, mutumin ya karaya. A watan Yunin 1979, ba a ma jira 1980 ba, aka sauke shi aka maido Billy. A Oktoba Billy ya naushi wani mai tallan alawa a otel a Minnesota, aka kore shi. Karo na biyu ke nan.

Daga nan abin ya zama kamar kujerar aski. Dick Howser ya ci wasa 103 a 1980, amma da Kansas City ta fitar da su a wasannin ƙarshe, sai Steinbrenner ya tara 'yan jarida ya ce wai Howser ne ya zaɓi ya tafi Florida harkar filaye. Howser ɗin nan ya je Kansas City ya ci musu kofi a 1985. A 1982 manaja uku aka yi a kaka ɗaya: Lemon, wanda aka sake dawo da shi aka yi masa alƙawarin cikakkiyar shekara aka kore shi bayan wasa 14, sai Gene Michael, sai Clyde King. A shekarar ce Reggie Jackson ya zo New York da rigar wata ƙungiya, ya tsallakar da ƙwallo katanga, fili kuma ya ɗauki zagin Steinbrenner da baki ɗaya. Ku canka wa aka kawo a 1983. Billy, karo na uku. Ya ci wasa 91, suka ƙare na uku, aka sauke shi.

Sai aka ba Yogi Berra, wanda ya ci kofi 10 a matsayin ɗan wasan Yankees, mutumin da babu wanda ba ya so a New York. Aka yi masa alƙawarin zai gama kakar 1985. Bayan wasa 16 aka kore shi, kuma Steinbrenner bai ko kira shi ba, aike ya yi. Berra ya ce ba zai ƙara taka filin ba muddin mutumin nan ne mai ƙungiya, kuma ya yi shekara 14 bai taka ba, sai da Steinbrenner ya je har inda yake ya ba shi haƙuri a 1999. Wa aka sa a gurbin Berra don a kwantar da hankalin jama'a? Billy, karo na huɗu. Ƙungiya ta ci wasa 97, amma a watan Satumba ya yi dambe da mai jifarsa Ed Whitson a otel a Baltimore har ya karye a hannu. Aka sauke shi. A 1986 aka yi masa biki aka jingine lambarsa ta 1, babu mai ƙara sa ta. A 1988 aka dawo da shi karo na biyar, aka kore shi a watan Yuni, alhali ƙungiyar ta ci 40 ta sha kashi 28. Jama'a, ko aure ne ai an daɗe da wuce saki uku.

Ga yadda ni nake karanta abin, kuma ra'ayina ne, kuna iya saɓa mini. Duk lokacin da wuta ta juyo kan Steinbrenner, yana da guga ɗaya na ruwa a ajiye, sunansa Billy. Da an fara raɗe-raɗin Billy zai dawo, sai hira ta canja. A daina tambayar me ya sa aka sayar da yaro mai tasowa aka sayo tsoho mai tsada, a daina tambayar me ya sa ba wanda ke daɗewa a kujera, a koma gardamar Billy ko wane. A 1987 aka buɗe WFAN a New York, gidan rediyon da ba ya komai sai hirar wasanni dare da rana, mutane suna bugo waya kowa da sunan da yake so. Mutanen biyu har tallan talabijin suka yi tare suna mayar da korar abin dariya. Tikiti na sayuwa, jarida na sayuwa. A shekarun 1980 babu ƙungiyar da ta kai Yankees yawan cin wasa, amma ko kofi ɗaya ba su ɗauka ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada ku ɗauka ina cewa magoya bayan ba su da hankali. Suna da hujja. A duk zamansa biyar, Billy ya ci wasa 556 ya sha kashi 385, lissafin da manaja da yawa ke mafarkinsa. Sannan suna ganin kansu a jikinsa: talaka mai zuciya da ke iya kallon attajiri ido da ido ya gaya masa magana. Direban tasi da ma'aikacin masana'anta da ba zai iya yi wa ogansa haka ba, Billy na yi masa. Soyayyar gaskiya ce. Abin takaicin shi ne attajirin ya gane darajarta ya mayar da ita jari. Shi kuwa Billy, mutum ne da giya ke ci, yana buƙatar hutu da magani, amma duk sanda aka kira shi sai ya zo, domin bai san kansa ba in ba cikin rigar nan ba. Masu tafin suna sonsa, amma tafin bai taɓa tambayar lafiyarsa ba.

A ƙarshen 1989 maganar da ke yawo ita ce Billy zai dawo karo na shida, har ana cewa ya fara tuntuɓar mataimaka. Manajan lokacin kuwa Bucky Dent ne, gwarzon 1978, yana zaune yana jin ana raba kujerarsa. Ranar Kirsimeti ta shekarar, motar a-kori-kura da Billy ke ciki ta zame a kan ƙanƙara kusa da gonarsa a yankin Binghamton. Ya mutu yana da shekara 61. Jita-jitar ta shida da shi aka binne ta. Dent ma bai tsira ba, a Yunin 1990 aka kore shi, ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen tebur da shan kashi 95.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Ranar 30 ga Yulin 1990 shugaban hukumar besbol, Fay Vincent, ya haramta wa Steinbrenner tafiyar da ƙungiyar, saboda ya biya wani ɗan caca dala 40,000 don ya tono masa asirin ɗan wasansa Dave Winfield. Ana cikin wasa labari ya bazu a fili ta ƙananan rediyo, mutane suka miƙe suna tafi. A ganina wannan ne tafin da ya faɗa daidai inda ya kamata. Domin a shekara biyu da rabi da mai gida ba ya nan, Gene Michael, wanda shi ma an taɓa korarsa daga kujerar manaja sau biyu, ya zama janar manaja ya yi abin da ba a saba ba, wato ya yi haƙuri da yara. Bernie Williams, Mariano Rivera, Andy Pettitte, Jorge Posada, da Derek Jeter da aka ɗauka a 1992, duk aka bar su suka girma a gida. Buck Showalter ya riƙe kujerar manaja kaka huɗu cif, daga 1992 zuwa 1995.

Steinbrenner ya dawo a 1993, hali kuma zanen dutse. A 1995 Yankees suka shiga wasannin ƙarshe karon farko tun 1981, Seattle ta fitar da su da ƙyar. Sai ya ce Showalter zai iya zama amma a sallami wasu mataimakansa. Showalter ya ƙi, ya tafi. Gari ya sake ɗaukar zafi, sunaye suna yawo, jama'a Showalter suke so. Ranar 2 ga Nuwamba aka gabatar da Joe Torre, ɗan Brooklyn mai shekara 55. Tsohon babban ɗan wasa ne, amma a matsayin manaja Mets ta kore shi, Atlanta ta kore shi, St. Louis ta kore shi a shekarar nan. Ya ci 894 ya sha kashi 1,003. Ya yi wasa sama da 4,000 a matsayin ɗan wasa da manaja bai taɓa taka World Series ba. Daily News ta buga babban kanu, Clueless Joe, ma'ana Joe da bai san dawan garin ba. An ma ruwaito cewa da zafi ya yi yawa, Steinbrenner ya koma wajen Showalter yana lallashinsa ya dawo, alhali ya riga ya ba Torre aiki.

A shekararsa ta farko, 1996, Torre ya kai su World Series. Atlanta ta zo har gida ta ci wasa biyu na farko. Tun bayan na farkon, da mai gida ya shigo ofis a fusace, Torre ya gaya masa cikin sanyi cewa mai yiwuwa ma su sake faɗuwa, amma za su je Atlanta su ci uku su dawo su ƙarasa a gida. Haka kuwa aka yi. Kofin farko tun 1978. Suka ƙara a 1998, shekarar da suka ci wasa 114, suka ƙara a 1999, suka ƙara a 2000. Shekara 12 Torre ya yi a kujerar da wasu ba sa yin wata shida, kuma kowace shekara sai sun shiga wasannin ƙarshe. Gwanintarsa babba ita ce ya zama katanga tsakanin mai gida da yara, ya shanye tsawa daga sama bai sauke ta a kansu ba.

Wani abin mamaki, wannan ba shi ne karon farko ba. A Oktoban 1948, da Yankees suka ɗauki Casey Stengel, mai gidan Billy na farko, 'yan jarida da yawa sun ɗauke shi ɗan barkwanci ne, mutumin da ya taɓa cire hula a fili tsuntsu ya tashi daga ciki, wanda ya riƙe Brooklyn da Boston Braves bai taɓa wuce na biyar ba. Ya ci kofi biyar a jere daga 1949 zuwa 1953, abin da har yau babu wanda ya maimaita. Haka a 2007, da Torre ya ƙi karɓar kwantiragin shekara ɗaya da aka rage masa albashi ya tafi, zukatan mutane da yawa suna wajen Don Mattingly, tsohon kyaftin da suke ƙauna. Aka ba Joe Girardi. A 2009 ya kawo kofi na 27.

Sai dai in yi adalci, kada in faɗa ramin da nake nuna muku. Torre bai zo da sihiri ba. Ya tarar da gona an riga an share an yi shuka, Michael da Showalter ne suka yi wahalar. Da Torre ɗin ya zo a 1982, ina kyautata zaton da wasa 14 ko 16 zai yi a aiko masa da takarda. Da Billy ya samu mai gida mai haƙuri da wanda zai kula da lafiyarsa, Allah kaɗai ya san kofi nawa zai ci. Shi ya sa nake cewa duk shekarun nan magoya baya sun ɓata muryarsu a kan rabin tambaya. Wa za a kawo, tambaya ce mai daɗin gardama. Amma wa ke kawowa, me ya sa ya kori na jiya, kuma zai bar na gobe ya yi aiki? Waɗannan su ne ba a cika bugo waya rediyo a kansu ba.

Ni dai tun da na karanta tarihin nan, in na ga labari yana yawo cewa wata majiya ta ce za a kori wane a kawo wane, abu na farko da nake tambayar kaina shi ne wa zai amfana in muka shagala da wannan maganar a wannan makon. Sau da yawa amsar tana zaune a ofishin sama. Ba na daina gardama ba ne, wallahi ina yi, har murya ta dushe. Amma na daina yarda cewa ƙarar tafinmu ita ce ma'aunin wanda ya iya aiki.

Steinbrenner ya rasu a watan Yulin 2010. Shi da Billy da Berra duk suna da allunan tunawa a bayan filin Yankee Stadium, wurin da ake ajiye sunayen manyan ƙungiyar, kusa da juna kamar ba a taɓa yin komai ba. Hulata kuwa tana nan, ta ɗan koɗe, har yanzu ina sa ta ranar da rana ta yi zafi.

A nan za mu dakata. Ku gaya mini, da kuna cikin filin nan ranar 29 ga Yulin 1978, za ku tashi ku yi wa Billy tafi, ko za ku tausaya wa Lemon? Ni dai na san kaina, da na tashi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.